Kayan Tsimin Ruwa Sun Shigo Gida: Yaya Za Mu Saba da Su?

   

Yau maganar ruwa za mu yi, amma ta ƙofofin da yake bi ya fita daga gida: masai, famfo, shawa, da injin wanki.

Duk wanda ya zaga layin masu sayar da kayan gini a Kano, ko Kaduna, ko Yamai, ko Maraɗi a 'yan shekarun nan, ya ga sauyi. Ga masai mai madanni biyu. Ga famfo mai fitar da ruwa fari sol, mai kumfa-kumfa. Ga shawa mai siririn feshi. Ga injin wanki mai ƙofa a gaba. Duk an ƙera su ne don su rage cin ruwa.

Mutane suna saye. Suna kafawa. Kafin wata ya zagayo sai ƙorafi ya tashi. Wannan ya ce famfon ba shi da ƙarfi. Wancan ya ce masai ɗin ba ya kora da kyau. Uwargida ta ce injin nan ko ruwa ba ya sha, ta ina zai fitar da dauɗa? Daga nan sai a kira mai gyaran famfo, a ce ya cire, ya mayar da na da.

To, ku riƙe wannan tun daga farko. Kayan tsimin ruwa suna da sharuɗɗa biyu. Na ɗaya, su dace da irin ruwan gidanka. Na biyu, mutanen gida su san yadda ake aiki da su. Bari in maimaita. Su dace da ruwan gidanka, kuma mutanen gida su iya aiki da su. In aka rasa ɗaya, kuɗi kawai aka kashe.

Na san wani yana zaune yanzu yana cewa, ni rijiyar burtsatse gare ni, ruwana kyauta ne. Malam, ba kyauta ba ne. Kowace lita da ta hau tanki, fetur ne ya ɗaga ta, ko lantarki. Kowace lita da ta gangara banɗaki, ramin sokawe ta nufa, kuma ranar da ya cika ba kyauta za a kwashe shi ba. Mai sayen ruwa a hannun 'yan garuwa kuwa, da wanda mita ke ƙirga wa ruwa a biranen Nijar, su ba sai an yi musu dogon bayani ba. Aljihunsu ya riga ya yi musu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya yana buƙatar lita 50 zuwa 100 a rana, don sha da girki da wanka da wanki da tsafta. Ku ajiye wannan adadi a zuciya. Da shi za mu riƙa auna abin da ke tafe.

Mu fara da kashi na farko: masai.

Ina nufin masai na zama, mai ɗan tanki a baya. Tsofaffin irinsa sukan saki lita 12 ko 13 a dannawa ɗaya. Wasu ma sun fi haka. Wato rabin jarka mai lita 25, a kan fitsari kawai.

Sabon yayi shi ne mai madanni biyu. A ƙasar Ostareliya aka ƙera shi, a shekarar 1980. Kamfanin Caroma ne ya yi shi, kuma ba mamaki, domin ƙasa ce da ta san fari. Yadda yake aiki ba wuya. Ƙaramin madanni na fitsari ne, yana sakin kamar lita 3. Babban madanni na bayan gida ne, yana sakin kamar lita 6. Ƙarami na fitsari, babba na bayan gida.

Mu yi ɗan lissafi tare. Mu ƙaddara gida mai mutum 8, kowa yana shiga banɗaki sau 4 a rana. Dannawa 32 ke nan. Da tsohon masai mai lita 12, an saki lita 384. Da mai madanni biyu, in kowa ya danna babba sau ɗaya, ƙarami sau uku, lita 120 ce kawai. Bambancin lita 264 ne. Jarka goma da 'yan kai, kullum ta Allah.

Amma wannan lissafi a takarda yake. Me ke faruwa a gida?

Yaro ya shiga, ya ga madanni biyu, ya haɗa su ya danna da tafin hannu. Baƙo ya shiga, bai sani ba, ya danna ƙarami a inda babba ya dace. Ruwa bai kora ba. Ya sake dannawa. Ya sake. Ya fito yana cewa masai ɗin ba shi da kyau. Ga shi an zubar da lita 9 a inda 6 za ta isa.

Maganin wannan ba ya cin ko sisi. Maigida, ɗaga murfin tankin sau ɗaya. Danna kowane madanni, ka ga wanne ya fi rage ruwa. Wasu kamfanoni suna sa ɗigo ɗaya a kan na fitsari, ɗigo biyu a kan ɗayan, wasu kuma ba su sa komai. Da ka gane, ka tara yara ka nuna musu. In gidan baƙi ne, ka manna 'yar takarda a bango. Ba abin kunya ba ne.

Kuma ba mu kaɗai muka sha wannan fama ba. A Amurka, an yi doka a 1992 da ta ce sabon masai kada ya wuce kamar lita 6 a dannawa ɗaya. Dokar ta fara aiki a gidaje a 1994. Kamfanoni da yawa a lokacin sai suka rage ruwan tanki kawai, suka bar kwanon masai yadda yake. Aka yi ta ƙorafi. Mutane suka riƙa dannawa sau biyu. Sai da aka sake fasalin kwanon, aka gyara hanyar da ruwan ke bi, sannan abin ya daidaita.

Me ya sa na kawo wannan labari? Saboda har yau akwai irin waɗancan a kasuwa. Tanki ƙarami, kwano mara fasali. Araha ba ta ado. In za ka saya, ka sayi tanki da kwano waɗanda aka ƙera tare. Kada ka yarda a haɗa maka kan wannan da gindin wancan.

Abu na gaba, bututun da ke kai ƙazanta rami. Ruwa kaɗan yana son gangara mai kyau. In mai aiki ya kwantar da bututun ba gangara, ko ya cika masa kwana-kwana, lita 6 ba za ta kai kaya gida ba. Sai toshewa. Sannan, don Allah, masai ba kwandon shara ba ne. Ƙunzugun yara na zamani, audugar mata, leda, tsumma, duk a kwandon shara za a sa su. Tsohon masai mai ambaliya yakan rufa wa mutum asiri. Sabon ba zai rufa ba.

Wanda yake da tsohon masai kuma ba shi da kuɗin sauyawa fa? Ka cika gorar roba mai lita ɗaya da rabi da ruwa, ka rufe ta, ka tsayar da ita cikin tankin, nesa da abin da ke motsi. Kowace dannawa ka rage lita ɗaya da rabi. Kada ka sa bulo, yana marmashewa ya lalata robar ciki. Kuma kada ka yi wa sabon masai mai lita 6 wannan dabara, ruwansa a ƙididdige yake.

Ni a ganina ma, masai na tsugunno da ake kora wa ruwa da ɗan bokiti ya fi su duka tsimi. Lita 2 ko 3 ta ishe shi. Wanda yake da shi, kuma gwiwarsa lafiya lau, kada ya ji kamar an bar shi a baya.

Saura abu ɗaya kafin mu bar banɗaki, kuma shi ya fi cin mutane ba su sani ba. Yoyon ɓoye. A ƙasan tankin masai akwai wata roba da ke toshe ruwa. In yashi ya maƙale a jikinta, ko ta tsufa, ruwa zai riƙa silalewa cikin kwano dare da rana, shiru, ba ƙara. Masu madanni biyu sun fi saurin kamuwa da wannan, musamman inda ruwan burtsatse ke zuwa da yashi.

Ga gwaji. Ku saurara da kyau. Ku zuba rabin kofi na zoɓo mai kauri cikin tankin masai. Cikin tanki na ce, na baya. Kada kowa ya danna. Ku jira minti 15. Ku leƙa kwano. In kun ga ja, akwai yoyo. A wanke robar, ko a sauya ta, kuɗinta kaɗan ne. Bayan gwajin ku kora ruwa don kada launin ya zauna.

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda za a saba da kayan tsimin ruwa a gida. Mun gama da masai. Yanzu kashi na biyu: famfo da shawa. A nan zan ɗan daɗe, domin a nan aka fi yin asara.

Ku duba bakin famfon zamani. Za ku ga wata 'yar rariya da aka ɗaura da zare. Aikinta biyu. Tana rage yawan ruwan da ke wucewa, kuma tana cuɗa shi da iska. Shi ya sa ruwan ke fita fari, mai laushi, ba ya fantsama. Hannu yana jin kamar ruwa da yawa, alhali wani kaso iska ce. Famfo mara rariya yakan zubar da lita 10 ko fiye a minti ɗaya. Mai rariya yakan tsaya a kan 5 ko 6, wasu ma ƙasa da haka.

Kan shawa na tsimi ma haka. Ƙofofinsa ƙanana ne. Kun ga yadda yaro kan sa babban yatsa a bakin tiyo, ruwa ya yi tsiri ya tafi nesa? To dabarar ke nan. Ruwa kaɗan, amma da gudu.

Sai dai akwai sharaɗi. Dole ruwan ya zo da ƙarfi daga baya. Kuma a nan gidajenmu suka bambanta da na ƙasashen da aka ƙera kayan dominsu. Su ruwansu daga babban bututun gari yake zuwa, da ƙarfinsa. Mu yawancinmu daga tankin da ke kan ƙarfe ko kan rufi yake gangarowa.

Ƙarfin ruwan tanki daga tsayinsa yake. Girman tanki ba ya ƙara ƙarfi, tsayi ke ƙarawa. A jikin kwalin famfo ko shawa za ku ga an rubuta wata kalma, bar, da lamba kusa da ita. Ma'aunin ƙarfin ruwa ne. Bar 1 daidai yake da tsayin mita 10. Wato sai ruwan tanki ya ɗara bakin shawa da mita 10 kafin a sami bar 1.

Yanzu duba gidanka. Tanki yana kan mita 5 daga ƙasa. Kan shawa yana kan mita 2. Tsakaninsu mita 3 ne kacal. Ko sulusin bar 1 ba ka kai ba. Shi kuwa kan shawar da ka sayo, wataƙila bar 1 ko sama da haka yake nema. Ka ɗaura. Ka buɗe. Sai ɗis, ɗis, ɗis. Kana tsaye da sabulu a ido.

Uwargida ta leƙo ta ce, Malam, ai na faɗa maka a bar mana na da. Maigida ya ce an cuce shi a kasuwa. Ba a cuce shi ba. Kayan ne ba su dace da ruwan gidan ba. Sharaɗinmu na farko ke nan.

To yaya za a yi? A auna kafin a saya. A auna kafin a saya.

Ɗauki bokiti mai lita 10. Tara shi a ƙarƙashin shawa. Buɗe ta gaba ɗaya, ka duba agogon waya. In bokitin ya cika kafin minti ɗaya, shawarka tana da ɓarna, kan tsimi zai yi maka amfani. In minti ɗaya ya wuce bai cika ba, ka bar ta yadda take. Ta riga ta yi tsimi da kanta. Don ku sami abin kwatance, dokar Amurka da na ambata ta tsayar da kan shawa a kan lita 9 da rabi a minti. Yawancin gidaje masu tanki a kan rufi ba su ma kai nan ba.

In kuwa dole sai ka sauya, ka tambayi wanda aka yi don ruwa mara ƙarfi. Akwai su. Wasu sukan sa ƙaramin injin ƙara wa ruwa ƙarfi. Yana aiki, amma ku sani, yana shan wuta, kuma duk famfunan gidan za su ƙara zubarwa. Ni ba na gaggawar ba da wannan shawara.

Wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba: ba kowane famfo ne yake son rariya ba. Famfon tsakar gida da ake tara bokiti ko tukunya, me rariya za ta rage a can? Bokiti mai lita 20, lita 20 zai ci, da rariya ko babu. Lokaci kawai za a ɓata, kuma mai tara ruwa ta gaji da jira ta tafi, bokiti ya cika ya yi ta zuba. Rariya tana amfani ne a inda ruwa ke bi ta kan hannu ya wuce: wurin wanke hannu, wurin alwala, wurin ɗauraye kwanuka. Inda ake tarawa, a bar famfo a sake. Inda ake wankewa, a sa rariya.

Sai toshewa. Bayan wata biyu ko uku, ka ga ruwa ya ragu, ko yana fita a karkace. Yashi ne, ko wani farin gishiri-gishiri da ruwan rijiya ke bari. Kada a ɓula ta da ƙusa. Kada a jefar. A kwance ta da hannu, a jiƙa ta cikin ruwan khal ko ruwan lemun tsami na wasu awoyi, a goge da tsohon buroshin haƙori, a mayar. A kula da 'yar robar da ke ciki, kada ta faɗi. In yashi ya yi yawa a gidanku, a sa matata a bututun da ya fito daga tanki.

Hannu ma sai ya koyi sabon abu. Tsohon famfo murɗawa ake yi, a murɗa, a ƙara ɗaurewa. Na yanzu da yawa kwata ɗaya ake juya su, su rufe ruf. In aka ci gaba da danne su da ƙarfi irin na da, abin da ke ciki zai fashe. Sabo turken wawa, in ji Hausawa. A gaya wa yara, a gaya wa 'yan aiki: in ya tsaya, ya rufu.

A masallatai da makarantu kuma an fara ganin famfo mai dannawa, wanda ke kawo ruwa na 'yan daƙiƙu ya ɗauke da kansa. Za ka ga wani ya danne shi da hannu ɗaya ya ƙi saki, wani ma ya ɗaure shi da roba. To an kashe amfaninsa. Danna, tara a hannu, saki.

Tun da mun zo kan alwala, ga abin tunawa. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. Mudun da ake nufi ko lita ɗaya bai kai ba. Mai alwala a famfo a buɗe na minti biyu yana iya zubar da lita 20. Har yau ban ga famfon da ya kai buta tsimi ba. Haka ma wanka. Shawa ta tsimi mai lita 8 a minti, in ka yi minti 5, lita 40 ke nan. Mai wanka da bokiti yakan gama da lita 15 ko 20. Saboda haka wanda ya koma sabon gida mai shawa, kada ya jefar da bokitinsa. In kuma shawar yake so, ya jiƙa jiki, ya rufe, ya saɓa sabulu, sannan ya buɗe ya ɗauraye.

Kashi na uku, kuma wannan na iyayenmu mata ne musamman, da samarin da ke wanki da kansu: injin wanki.

Mai ƙofa a gaba yakan yi wanki ɗaya da kamar lita 50. Tsofaffin masu murfi a sama sukan sha lita 100 zuwa 150. Amma ranar farko da Hajiya ta leƙa ta gilashi, sai hankalinta ya tashi. Ruwa ɗan kaɗan a ƙasa, kaya suna ta juyawa. Hajiya, haka aka yi shi. Ba ya nutsar da kaya. Ɗaga su yake yi ya sako su cikin ruwan, ya sake ɗagawa. Faɗuwar ce ke fitar da dauɗa. Kada a ƙara masa ruwa da bokiti.

Kuskuren da aka fi yi shi ne garin sabulu. An saba da cewa kumfa ita ce shaidar wanki. A wannan inji, kumfa cikas ce. In ta yi yawa, kaya ba sa bugun juna, kuma wasu injinan da sun ji kumfa sai su ƙara ɗauraya, ruwan da ake tsimi ya tafi. A nemi garin da aka yi don inji, a zuba kaɗan, gwargwadon yadda aka rubuta.

A tara kaya su kai wanki guda. Kada a tada inji saboda riga biyu. Kada kuma a danƙara har ƙofa ta ƙi rufuwa, a bar wurin da hannu zai shiga a sama.

Akwai tsarin wanki na tsimi a jikinsa, wanda kan ɗauki awa uku ko fiye. Mutane suna ganin daɗewar nan ɓarna ce. A'a, jiƙa kaya yake yi, don ruwa kaɗan ya wadatar. Matsalarmu dai wuta. In wutar unguwarku ba ta zama, ku zaɓi gajeren tsari ga kayan da ba su yi datti sosai ba. In an ɗauke wuta ana tsaka da wanki, kada a fizgi ƙofa, a kulle take. Da yawa daga cikinsu suna ci gaba daga inda suka tsaya. Kuma shi ma wannan inji yana son ruwa mai ɗan ƙarfi, don haka a tambaya kafin a saya. Masu sayen na hannu daga Turai, ku duba takardar da ke manne a gabansa. Akwai hoton famfo da lamba, ita ce litar da yake sha a wanki ɗaya, ko a shekara guda in tsohuwar takarda ce.

Inji mai tukwane biyu, wanda ya fi yawa a gidajenmu, shi tsiminsa a hannunki yake. Fara da fararen kaya, ki bi da masu launi a ruwa ɗaya. Ruwan ɗauraya na ƙarshe ya zama ruwan wanki na gaba.

Kashi na huɗu gajere ne, amma kada gajartarsa ta ruɗe ku.

Sau nawa kuka wuce ta wani lungu kuka ga ruwa yana kwarara daga saman tanki, ya jiƙa katanga, ya cika kwata? An kunna injin ɗaga ruwa an manta. Gidan da ke yin haka, ko famfon zinariya aka sa masa bai yi tsimi ba. Akwai 'yar na'ura mai yawo a saman ruwan tanki, da ya cika sai ta kashe inji da kanta. In kuɗinka na abu ɗaya ne tak, ita za ka fara saya. Kafin masai, kafin shawa.

Sai famfo mai ɗiga. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa ya haura lita 11,000 a shekara. Wato fiye da jarka guda kullum. Sau da yawa 'yar roba ce ta mutu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Yanzu kashi na ƙarshe: mutanen gida.

A farkon 2018, birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu ya kusa wayar gari famfo a bushe, bayan shekara uku ana ƙarancin ruwan sama. Hukumar birnin ta ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana. Mutane suka sa kayan tsimi, gaskiya ne. Amma abin da suka yi da hannunsu ya fi yawa. Wanka ya koma minti biyu, har mawaƙa suka taƙaita waƙoƙinsu zuwa minti biyu don mai wanka ya san lokacin fita. Aka riƙa tara bokiti a ƙarƙashin shawa, a kora masai da ruwan. Ruwan da birnin ke sha ya ragu da kusan rabi, kuma ranar da ake tsoro ba ta zo ba.

Yawancin abin da suka koya a dole, kakanninmu sun daɗe suna yi. Ruwan ɗauraya a yayyafa a tsakar gida kafin shara. Ruwan wanke shinkafa a zuba wa bishiya. Famfo ne ya zo ya sangarta hannu. To a dawo da su. Sai dai a kiyaye: ruwan da aka yi amfani da shi kada ya kwana ya wuni a ajiye, yana wari, yana tara sauro. Kada a zuba shi a kan latas ko wani ganye da ake ci ɗanye. Ruwan wankin kashin yara kuwa, masai kawai.

Tsofaffi a bi su a hankali. In Baba ya ce shi bokitinsa da butarsa yake so, a bar shi, ai shi ya fi kowa tsimi a gidan. Yara kuma a ba su aiki. A naɗa ɗaya ya zama mai zaga famfuna kafin a kwanta. Za ku sha mamakin yadda zai riƙe muƙamin.

Akwai inda ba a tsimi, kuma ina so ku ji wannan da kyau. Wanke hannu da sabulu bayan an fito banɗaki, da kafin a ci abinci, da kafin a ba yaro. Ba a rage wannan. Amai da gudawa ta hannu suke shiga gida. A jiƙa hannu, a rufe famfo, a cuɗa da sabulu kamar daƙiƙa 20, a buɗe a ɗauraye. Ruwan sha ma ba a rage shi, balle a watannin zafi.

Lokaci ya yi mana halinsa. Ga aikin gida, kuma yau nake so a yi shi. Rabin kofin zoɓo a tankin masai, a jira minti 15. Bokiti mai lita 10 a ƙarƙashin shawa, a duba agogo. Abin da kuka gani shi zai gaya muku ko mai gyaran famfo za ku kira, ko kasuwa za ku je, ko kuwa ku bar kuɗinku a aljihu. Wanda ya ji, don Allah ya gaya wa maƙwabcinsa.